Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastocinmu da dattawan ikilisiya: dan Allah ku dawo mana da nazarin Littafi Mai Tsarki

Iyayenmu fastoci, dattawan ikilisiya da shugabannin ƙungiyoyin addu'a, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara muku ƙarfi da hikima, ya saka muku wahalar da kuke sha a kanmu, amin.

Ni 'yarku ce, a gabanku na girma, ku kuka min baftisma, kuma shekarata goma sha ɗaya kenan ina koyar da yara a makarantar Lahadi. Amma ba bakina ni kaɗai bane a takardar nan. Mu ne 'yan tsirarun nan da muke zuwa nazarin Littafi Mai Tsarki na tsakiyar mako, akwai malaman yara, akwai iyaye mata, akwai matasa kaɗan, har da wani baba da idonsa ya yi rauni baya iya karatu yanzu, zuwa yake kawai dan a karanta ya ji. Mun zauna mun yi shawara suka ce ni in rubuta. Na sa ta a fili ne saboda da muka fara zancen da 'yan'uwa na wasu ikilisiyoyi sai muka tarar ashe ciwo ɗaya ne yake damunmu duka, dan haka duk shugaban da wasiƙar nan ta iske, har da shi nake, cikin ladabi.

Abin da ya tada maganar shine sanarwar da aka yi mana bayan sujada, cewa an dakatar da nazarin Littafi Mai Tsarki an mai da ranar ta zama daren addu'ar yaƙi. Dalilin da aka bayar shine mutane basa zuwa nazari, in an taru da ƙyar a kai goma sha biyar, amma ranar addu'ar yaƙi har a bakin ƙofa ake tsayawa. Wannan gaskiya ne, mu da muke zuwa mun fi kowa sanin yanda kujeru suke zama wayam. Amma iyayenmu, in mara lafiya ya ƙi magani saboda ɗaci ai ba zubar da maganin ake yi ba, lallashinsa ake yi har ya sha.

Kar a ce mun zama marasa bangaskiya ko mun raina addu'a. Mun yarda akwai Shaiɗan, mun yarda akwai mugayen ruhohi, manzo Bitrus ya ce magabcinmu Iblis yana zagawa kaman zaki mai ruri yana neman wanda zai cinye, Yesu da kansa ya fitar da aljannu ya kuma ba almajiransa iko a kansu. Ni kaina na sha kwana a durƙushe. Yaƙin yana nan. Damuwarmu ita ce da me ake tura mu bakin daga.

Na farko dai, babu daren yaƙin da ba'a karanta Afisawa 6:10-18, har yaranmu sun haddace farkon wurin. Amma a tsaya a ƙirga kayan da Bulus ya lissafa, guda shida ne. Gaskiya ita ce ɗamara, adalci sulke, shirin kai bisharar salama takalmi, bangaskiya garkuwa, ceto kwalkwali, sai takobin Ruhu, kuma bai bar mu cikin canki-canka ba, ya faɗa ƙarara cewa takobin nan Maganar Allah ce. A cikin shidan nan ita kaɗai ce abin sara. Garkuwar ma in an duba, Romawa 10:17 ta ce bangaskiya ta wurin ji take zuwa, jin kuma ta Maganar Almasihu. Bayan ya gama lissafin ne ya ce a riƙa addu'a kowane lokaci cikin Ruhu. Toh in aka rufe ajin da ake koyon riƙe takobi sannan aka ce kowa ya fito daga, ai an tara sojoji masu ƙarfin murya ne ba komai a hannunsu.

Kuma mutanen Afisa da Bulus ya rubuta wa wasiƙar Afisawa sun san sihiri ciki da bai. Afisa gari ne da tsafi ya yi wa katutu, ga haikalin gunkiyarsu Artimas da duniya ke tururuwa zuwa. In akwai garin da ya cancanci a yi masa daren yaƙi kullum toh shine. Amma me Bulus ya yi da ya je? Ayyukan Manzanni sura 19 ta ce shekara biyu cur ya yi yana koyarwa kowace rana a makarantar Tiranas, har duk mazauna ƙasar Asiya suka ji Maganar Ubangiji. Mu'ujizai sun faru, aljannu sun fita, masu sihiri da kansu suka kwaso littattafansu suka ƙone a gaban jama'a, da aka yi lissafin kuɗin littattafan ya kai azurfa 50,000. Da Luka, marubucin littafin, ya zo rufe labarin cewa ya yi Maganar Ubangiji ta yi ta haɓaka tana rinjaye. Irin ajin da aka rufe mana ɗin nan ne fa Bulus ya zauna a ciki shekara biyu.

Ubangijinmu ma da ya yi kwana 40 a jeji yana azumi Iblis ya zo masa, sau uku yana gwada shi sau uku yana amsa masa da "a rubuce yake", kuma duka ukun daga littafi ɗaya ya ɗauko, Maimaitawar Shari'a 8:3 da 6:16 da 6:13, littafin da da yawanmu bamu taɓa bin sa daga farko har ƙarshe ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shine gwajin da aka yi a kan tsororuwar Haikali, inda Iblis shi ma ya buɗe baki ya jawo Zabura 91, zaburar nan da muke ji da ita muke buɗewa mu ajiye a kan gado, ya ce ai a rubuce yake Allah zai umarci mala'ikunsa su tallafe ka, faɗa ƙasa mana. Shaiɗan ya san aya, ya iya jawo ta. Wanda bai san abin da ke gaban aya da bayanta ba, da ayar za'a yaudare shi yana cewa amin. Lambobin ayoyin nan ma da muke tsinka ɗai-ɗai ba da su aka rubuta littafin ba, na Sabon Alkawari sai a 1551 wani mai buga littattafai Robert Estienne ya sa su dan sauƙin nema, Bulus kam wasiƙa ya rubuta dan a karanta ta gaba ɗaya a gaban jama'a.

Biyu daga cikin amsoshin Yesu daga sura 6 suka fito, surar da ta ce a koya wa 'ya'ya maganar nan a zaune a gida, a kan hanya, lokacin kwanciya da lokacin tashi. Toh bari in gaya muku halin da 'ya'yanmu suke ciki. Wata Lahadi na ce wa ajina, yara 'yan shekara tara zuwa sha biyu, kowa ya buɗe Afisawa. Na tsaya ina kallo, wata tana nema a kusa da Farawa, wani ya rufe littafin ya ɗora hannu a kai yana jiran in zo in taimake shi, biyu ne kawai suka samu basu duba jerin sunayen littattafai ba. Da muka gama na ce wa wani yaro ya rufe mana da addu'a, ya sa wata 'yar ajinmu da ke kwance ba lafiya. Yaron nan ya dunƙule hannu ya runtse ido, jijiyar wuyansa ta tashi, ya fara "duk wanda ya sa mata hannu ya mutu, wuta ta cinye shi, ya mutu, ya mutu", sauran suna amsa amin da ƙarfi. Har ya gama bai roƙi Allah ya warkar da ita ba, ko sunanta bai kira ba. Ban tsawata masa ba dan abin da ya gani a wurinmu ne ya yi. Ranar na koma gida jikina a sanyaye.

Abu na biyu shine ya fi min ciwo dan ni ya taɓa. Bulus ya ce kokawarmu ba da nama da jini muke yi ba, amma yanda ake jan addu'a yanzu kowane maƙiyi yana da fuska, kuma yawanci fuskar ta gida ce, uwar miji, kawu, gwaggo, maƙwabciya, abokin aiki. Za'a ce kowa ya juya ya fuskanci gidan ubansa ya aika wuta, mutum ya rufe ido kuma dole sai wata fuska ta zo masa.

Ɗana na biyu ya yi ta ciwo tun yana jariri, hannu da ƙafa su kumbura, ya kwana yana kuka, idonsa ya yi rawaya. Na kai shi wurin wani mai addu'a, ba zan kira suna ba, ya ɗora masa hannu ya ce min ya ga wata tsohuwa a gidan mijina ta ɗaure yaron. Tsohuwa ɗaya ce a gidan, uwar mijina, matar da ta yi ta ɗawainiya da ni lokacin da na haife shi. Daga ranar na dena kai mata jikanta, in ta aiko da abu in zubar, in ta kira waya in ƙi ɗauka, duk daren yaƙi kuma fuskarta nake gani ina ihu har muryata ta dishe. Kusan shekara biyu muna haka. Da jikin ya yi tsanani muka je asibiti aka gwada jini, likita ya ce sikila ce, gado ce, rabi daga wurina rabi daga wurin babansa, ya ce da an zo da wuri da an rage wa yaron wahala mai yawa.

Ko a lokacin ma zuciyata bata sauko ba, na ce ai tana iya fakewa da ciwon. A ajin nazarin nan ne muna bin Afisawa sura-sura muka zo 4:26-27, inda aka ce kar rana ta faɗi kuna cikin fushi, kar ku ba Iblis ƙofa. Dattijon da ke jagora ya cire tabarau ya tambaye mu, a cikin ayar nan wa yake buɗe wa Iblis ƙofa? Aka yi shiru. Ni dai na sunkuyar da kai dan na san amsar, shekara biyu ina korar Shaiɗan da baki alhali da hannuna na buɗe masa. Na je na durƙusa a gabanta na ce Mama ki yafe min. Bata ce min komai ba da farko, ta jawo yaron ta rungume tana shafa kansa, sai can ta ce ya rame. Ta yafe min, amma shekara biyun nan ba zasu dawo ba, kuma a cikin matan da muka zauna da su kafin in rubuta wasiƙar nan akwai wadda har yau bata gaisawa da yayarta saboda irin wannan wahayin.

Iyayenmu, kun fi mu sanin Luka sura 9, inda wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, Yakubu da Yahaya suka ce ko mu kira wuta daga sama ta cinye su, ya juya ya tsawata musu. Kun san Yahaya sura 9, almajirai suna neman mai laifi a kan mutumin da aka haifa makaho, ko shi ko iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Istifanas ana jifansa da duwatsu yana roƙo kar a ɗora musu zunubin nan, kuma wanda ke tsaron rigunan masu jifan shine Shawulu, wato Bulus, wanda daga baya ya rubuta mana Afisawa 6 ɗin da muke karantawa. Da Istifanas ya yi irin addu'ar yaron ajina Allah kuma ya amsa, da wa zai rubuta mana ita? Na san za'a ce ai Dawuda ma ya roƙi Allah a kan maƙiyansa, Zabura 35 da 109 suna nan, haka ne kuma bamu ce a yage su ba. Amma a koya mana su da kyau mana, a gaya mana cewa Dawudan nan sau biyu Sarki Saul da ke neman ransa yana faɗowa hannunsa, a kogo da kuma a sansani yana barci, bai taɓa shi ba, ya kai ƙararsa wurin Allah ya bar masa ramako, a kuma gaya mana yanda za'a karanta su tare da umarnin Yesu na mu ƙaunaci maƙiyanmu mu yi wa masu tsananta mana addu'a. Wannan ba abin da za'a iya bayyanawa da makirfo ana kiɗa bane, sai an zauna.

Na uku, tsoro ya yi mana yawa. Mutum zai fito daga daren yaƙi ya fi yanda ya shiga firgita, mafarki kaɗan sai a kira fasto da tsakar dare, tsuntsu ya yi kuka a kan rufi an shiga uku. Muna jin labarin ƙarfin Shaiɗan awa biyu, labarin gicciye minti biyar, alhali Kolosiyawa 2:15 ta ce a kan gicciyen nan aka kwance wa masu mulki da masu iko ɗamara aka kunyata su a fili. Da almajirai saba'in ɗin nan suka dawo suna murna aljannu sun yi musu biyayya, Yesu cewa ya yi su fi murna da an rubuta sunayensu a Sama. Mai tsoro kuma komai aka miƙa masa kamawa yake, shi ya sa yanzu akwai 'yan'uwa da ba zasu yi tafiya ba sai da kwalbar mai a jaka, sitika a ƙofa, hankici a ƙarƙashin matashi, kuma in mai addu'arsu bai ɗauki waya ba sai su ji kaman Sama ta rufe. Shafa mai yana cikin Littafi, Yakubu 5:14 ta ce dattawa su yi wa mara lafiya addu'a suna shafa masa mai da sunan Ubangiji, amma ba'a ce a sayar ba, kuma mun san amsar da Bitrus ya ba Saminu mai sihiri da ya zo da kuɗi zai sayi baiwar Allah. 'Ya'yan Siba su bakwai ma sunan Yesu suka ara kaman laya, suka ce da sunan Yesun da Bulus ke wa'azinsa, aljanin ya ce Yesu na san shi, Bulus ma na san shi, ku fa su wa? Da rauni suka fita gidan a guje tsirara. A Afisa ɗin dai aka yi wannan.

Akwai kuma wani gefen yaƙin da kusan an dena taɓa shi gaba ɗaya. Ayar nan ta Yakubu 4:7 da muke so, ku yi tsayayya da Iblis zai guje muku, rabin aya ce, farkonta cewa aka yi ku miƙa kanku ga Allah, kuma surar ta fara ne da tambayar daga ina faɗa da husuma suke fitowa a tsakaninku, ta amsa da cewa daga sha'awace-sha'awacen da ke yaƙi a cikin jikinku. A Galatiyawa 5 an jera sihiri a layi ɗaya da kishi da fushi da gaba da tsattsaguwa. Amma yaushe rabon da a yi mana daren yaƙi a kan gulma, ko ƙarya, ko cin amanar aure, ko abin da matasanmu da manyanmu suke kallo a waya in kowa ya yi barci? Ya fi sauƙi a ce wani ne ya ɗaure ni da in ce na yi zunubi. Kiristocin farko da suka zauna a hamadar Masar sun ɗauki yaƙi da aljannu da gaske fiye da mu, amma ku duba inda suka ga filin dagar. Ɗaya daga cikinsu, Evagrius, wanda ya rasu a shekara ta 399, ya lissafa mugayen tunani takwas da magabci ke shigowa ta cikinsu, haɗama, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, kasala, son yabo da girman kai, sannan ya zauna ya tattaro ayoyi kusan 500 ya jera, in tunani kaza ya zo maka ga ayar da zaka amsa masa da ita, yana koyi da abin da Yesu ya yi a jeji. Mutumin da zai yi wannan aikin sai wanda ya sha karatu. Mu yanzu in fushi ya taso wa ɗan'uwa da tsakar rana a wurin aiki, ba kiɗa ba makirfo ba mai jan addu'a, wace aya ce a bakinsa?

Sai ita kanta addu'ar. Bana cewa ɗaga murya laifi ne, Ibraniyawa 5:7 ta ce Yesu ya yi roƙo da kuka mai ƙarfi da hawaye, mai ciwo ai dole ya yi ƙara. Amma an kai mu inda ake auna addu'a da gumi, wanda ya yi shiru sai a ce ya yi sanyi a ruhu, har wata yarinya ta taɓa tambayata wai Allah yana jin addu'ar zuci kuwa. Na buɗe mata labarin Hannatu, leɓenta ne kawai ke motsi har Eli ya zaci ta bugu, kuma Allah ya ba ta Sama'ila. A Dutsen Karmel annabawan Ba'al 450 ne suka yini suna ihu suna tsaga jikinsu, addu'ar Iliya aya biyu ce wuta ta sauko. Addu'ar da ta fi kama da abin da muke kira ta yaƙi a Sabon Alkawari ita ce ta Ayyukan Manzanni sura 4, bayan an kama Bitrus da Yahaya an yi musu kashedi, sai jama'a suka ɗaga murya tare, suka fara da girman Allah Mahalicci, suka jawo Zabura 2 suka shimfiɗa ta a kan halin da suke ciki, sannan suka ce Ubangiji dubi kashedinsu ka ba bayinka ƙarfin hali su faɗi Maganarka, ka miƙa hannu ka warkar. Ko mutum ɗaya basu nemi ya mutu ba, kuma wurin ya girgiza. Daniyel ma da muke yawan ambaton kwana 21 ɗinsa, a sura 9 karatun littafin Irmiya yake yi ya ga maganar shekara 70, karatun ne ya kai shi ga azumi da addu'a, addu'ar kuma kusan duka "mun yi zunubi" ce. Mutanen nan daga cikin Littafi suke ɗebo abin da zasu gaya wa Allah. Mu kuma mai makirfo ne yake ba mu jimla mu maimaita sau ashirin da ɗaya, in an koma gida sai bakin ya bushe.

Kuma ba'a shirya mu ga ranar da amsar zata zo ba yanda muke so ba. Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar nan da shi da kansa ya kira manzon Shaiɗan, aka ce masa alherina ya ishe ka. Ɗana har yau yana da sikila, muna addu'a muna shan magani, kuma wannan ayar ce take riƙe ni a daren da muke kwana a asibiti. Wanda ba'a taɓa koya masa ita ba, in ya yi ihu shekara uku abin bai tafi ba, sai ya ce ko dai Allah ya kasa ko shi ne la'ananne, wasu daga nan suke barin coci, wasu su koma wurin boka a ɓoye.

Dan haka iyayenmu ga roƙonmu. Ku dawo mana da nazarin Littafi Mai Tsarki ko da mu goma sha biyar ɗin ne, kuma ku da kanku ku riƙa zuwa, dan in jama'a suka ga fasto da dattawa sun ɗauki abu da muhimmanci su ma zasu ɗauka. In kun ga lallai ba za'a iya ware masa rana ba toh a raba daren yaƙin biyu, awa ta farko a zauna a bi littafi ɗaya sura bayan sura a ba da damar tambaya, sannan a tashi a yi addu'a a kan abin da aka karanta, tunda ga jama'ar sun riga sun taru ai dama ce. Haka Ezra ya yi a Nehemiya sura 8, ya karanta tun safe har tsakar rana Lawiyawa suna bi suna fassara wa mutane har suka gane. Duk wanda zai ja addu'a kuma a ce masa ya nuna mana inda ya samo batun a Littafi, ya karanta da abin da ke gabansa da bayansa.

Muna roƙo da babbar murya ku hana nuna wa mutum danginsa a matsayin maƙiyi, ko a kan bagadi ko a ɗakin shawara, kuma dokar ta hau kan baƙin masu wa'azi da ake gayyatowa, dan su tafiyarsu suke yi su bar mu da gidaje a rushe. In an kawo muku mara lafiya ku yi masa addu'a da dukan zuciya ku kuma tambaye shi ko ya ga likita, Luka ma da ya rubuta mana labarin fitar aljannun nan likita ne. A dena sayar da mai da ruwa da hankici a harabar coci. A sa mana wa'azi a kan tuba da gafara a cikin shirin yaƙin, a koya mana Addu'ar Ubangiji layi-layi tunda a cikinta ne aka ce ka cece mu daga Mugun, kuma kafin a kai nan sai an bi ta kan gafarta wa waɗanda suka yi mana laifi. Waɗanda basu iya karatu ba a buɗe musu aji, akwai matasa a cikinmu da suka ce zasu koyar kyauta, masu raunin ido kuma a samu mai karanta musu. William Tyndale a 1536 shaƙe shi aka yi aka ƙone gawarsa, mutumin da ya ba da ransa ga aikin fassara littafin nan dan talaka ya karanta da harshensa, yau ga shi a cikin wayar kowa bama buɗewa. In kuma ɗan ikilisiya ya zo ya ce Baba abin da aka faɗa jiya ban gan shi a Littafi ba, dan Allah kar a ce masa ruhun tawaye ne, mutanen Biriya Bulus da kansa suke bincika maganarsa kowace rana a Littattafai kuma yabonsu aka yi.

Mun san nauyin da ke kanku, mun san wani lokacin mu 'yan ikilisiya ne muke matsa muku dan mun fi son a ce mana ga mai laifi, in ba'a ce ba mu tafi inda za'a ce. Laifin namu ne tare. Amma manzanni da aiki ya yi musu yawa cewa suka yi su zasu dage da addu'a da hidimar Maganar, biyun tare suka riƙe, mu ma biyun muke roƙo a bar mana.

In na yi kuskure a wani wuri ku kira ni ku buɗe min Littafi ku gyara min, zan karɓa da hannu biyu. Muna neman ku ba mu lokaci a zamanku na dattawa mai zuwa mu zo mu uku mu yi bayani baki da baki. Kafin sanarwar muna cikin Markus ne, mun tsaya a sura 9 daidai inda almajirai suka shiga gida suka tambayi Yesu a keɓe me ya sa su suka kasa fitar da aljanin, bamu kai ga tattauna amsarsa ba aka dakatar da mu. Baban nan mai raunin ido sau biyu yana tare ni bayan sujada yana tambayata yaushe za'a ci gaba, na ce masa zan tambaye ku.

Taku cikin Almasihu,
'yarku, malamar makarantar Lahadi, a madadin 'yan ajin nazari